Jan Fenti a Bangon Baba

Saura kwana tara manyan saurayina su zo gidanmu maganar aurena, na fito da safe zan tafi makaranta, jaka a kafaɗa, littattafan 'yan ajina a hannu, sai na tarar da Baba tsaye a ƙofar gida ya zuba wa bango ido. Kofin shayi na hannunsa, har ya daina tururi.

"Auta," ya ce ba tare da ya juyo ba, "zo ki karanta min wasiƙar nan da surukina ya rubuto min. Ke ce malama."

Na matso.

A jikin bangon shagon Baba, daidai ƙarƙashin taga, an zana ƙatuwar alama da jan fenti, layi biyu sun gitta juna. A ƙasanta an rubuta mita uku, an ja kibiya tana nuna cikin gidanmu. Fentin bai gama bushewa ba. Kuma na san rubutun. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake rubuta uku a karkace kamar za ta faɗi ta baya, shi ne ma'aikacin hukumar tsara birni da unguwa take kira Mai Safiyo, wanda wata takwas ke nan muna tare, tun ranar da ya zo auna filin makarantarmu.

"Baba, ƙila ba shi ba ne," na ce.

"Shi ne. Mai shayi ya gan shi da sassafe, da gwangwaninsa da burushinsa. Ya ce har ja da baya ya yi ya duba, ya dawo ya gyara kibiyar don ta miƙe sosai. Yaro mai son aiki."

Ya kurɓi shayin da ya huce, ya yamutsa fuska.

"Daga yau kada na ƙara jin an kira shi Mai Safiyo a gidan nan. Sunansa Jan Fenti. Kuma ki aika masa, manyansa su yi zamansu, kada su ɓata man motarsu."

Ya shige shago ya ja ƙofa. Can sai na ji ƙarar zarto, irin yankan da yake yi in ransa ya ɓaci, babu awo babu alama.

Na tafi makaranta ina share hawaye da gefen mayafi. Ranar nan darasin lissafi ne. Na rubuta uku a allo, na tsaya ina kallonta har yara suka fara dariya.

*

Sai wanda ya san unguwarmu zai gane abin da bangon nan yake a wurin Baba.

Mu ne ƙarshen layin bas. In ka hau daga tsakiyar birni za ka wuce gadar sama, ka wuce tsohuwar masaƙa da aka rufe, ka tsallaka layin dogo. Inda direba ya kashe mota ya juyo ya ce kowa ya sauka, to ka iso.

Unguwar a kan gangare take. Can sama ana cewa tudu, nan sababbin gidaje suke masu dogayen katangu, mutanensu su fita da safe su dawo da yamma, wani bai san sunan maƙwabcinsa ba. Can ƙasa kuma kwari, gidaje a cunkushe, masu walda, teloli, injinan niƙa, in ka yi atishawa a ɗakinka na gida na uku zai yi maka sannu. Mu muna tsakiya, a layin da kowa ke kira layin kafinta.

Shekara arba'in da biyu da suka wuce Baba ya zo wurin nan yana saurayin kafinta, daga shi sai amaryarsa, wato Umma, sai akwatin kayan aiki. Babu komai sai gonaki da doguwar ciyawa da kukan kwaɗi. Da hannunsa ya gina ɗaki ɗaya da shago, shi ya sa har yau ake ce masa Na Farko. Ya san wanda ya zo na biyu, ya san na uku. Ya san shekarar da bas ta fara zuwa, da shekarar da aka kawo wuta, da ranar da famfon farko ya tofo ruwa mai launin ƙasa mutane suka yi ta tafi. Rabin ƙofofin unguwar nan shi ya yi su. In rigimar iyaka ta tashi tsakanin maƙwabta, kafin a je hukuma sai an fara zama a bencin shagonsa.

Matsalarmu ɗaya ce, damina. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a tudu sai ya gangaro kwari a guje. Mutanen kwari sun saba ɗora katifa a kan tebur da sun ga hadari. Da hukuma ta ce za ta gina babbar magudanar ruwa, kowa murna ya yi, har da Baba. Ba wanda ya tambayi ta ina za ta bi, sai da fenti ya iso. Gida goma sha biyu a kwari, sai shagon Baba.

*

Kafin in dawo daga makaranta Gwaggo ta iso. Ƙanwar Baba ce, tana zaune a tsallaken layin dogo, amma labarin gidanmu yana riga bas isa wurinta.

"Ni dama," tana faɗa tana fifita da murfin kwano, "tun ranar da na gan shi da na'urar nan mai ƙafa uku na ce yaron nan ba zai bar mu lafiya ba. Mutum kullum ido ɗaya a rufe yana leƙen gidajen jama'a."

"Ina wuni Gwaggo."

"Ina na ga ta wuni? Zauna nan. Ga mai ginawa ga mai rushewa, yarinya ta rufe ido ta ce sai mai rushewa."

Mai ginawar da take nufi shi ne Mai Bulo. Yana da babban filin buga bulo a ƙarshen kwari, da mota mai hon kamar kiɗa, da turaren da yake isowa kafin shi. Ba mugun mutum ba ne, amma sau biyu yana zuwa wurina, duka biyun zancen bulo muka yi. A zuwan ƙarshe ya dube ni da gaske ya ce haƙurina ya burge shi, kamar bulo mai inci tara.

"Ɗazu ya tsaya ya jajanta wa Yaya," Gwaggo ta ci gaba. "Ya ce in an rushe shagon, shi zai kawo bulon sabon gini da motarsa. Kin ji mutumin kirki."

Umma na gefe tana gyaran ganye. Umma ba ta cika magana ba, amma in ta yi shiru irin wannan, wani abu take saƙawa.

Na tashi na shiga shagon. Baba na zaune a kan benci, zarto a cinya, ƙasa duk guntayen katako da ya yanke ba dalili. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, aikinsa ne. Turo shi aka yi."

"Na san aikinsa ne. Ni ma na yi wa mutane aiki tun kafin a haife shi." Ya ajiye zarton. "Sau nawa ya zauna a bencin nan, Auta? Sau nawa ya sha shayina? Bakinsa bai iya cewa Baba ga abin da ke tafe ba? Sai dai in fito da safe in gani a bango, kamar yadda kowane mai wucewa zai gani?"

Hawaye suka zubo min.

"Ba bangon ne ya fi yi min ciwo ba," ya ce a hankali. "Mutumin da ya kasa kallon idona ya faɗa min magana mai ɗaci, gobe in wata ta taso tsakaninku yaya zai yi? Shi ma a bango za ki gani?"

"Baba ina son sa."

"Na sani. Ai ba makaho ba ne ni." Ya miƙo min ƙyallen da yake goge hannu, duk garin katako. "Share fuskarki. Ba zan ce ki auri mai bulo ba, kin san ba halina ba ne, ki bar Gwaggonki ta yi ta surutunta. Amma wancan, na rufe ƙofa."

*

Washegari da aka tashi daga makaranta na ga Mai Safiyo a gindin bishiyar bakin ƙofa, ya jingina da babur ɗinsa. Ya rame a kwana ɗaya. Na yi kamar zan wuce.

"Malama, don Allah minti biyar."

"Ka zo da fentin? Ko makarantar ma ta shiga hanya?"

Ya sunkuyar da kai. "Na cancanci fiye da haka."

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba? Ni ma me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Sau uku ina zuwa shagon da maganar a bakina," ya ce. "Zuwan farko, ina zama ya jawo ni ciki ya nuna min katakon da ya ware zai yi mana gado da kujeru. Ya ce shekara shida yana ɓoyonsa. Na kasa. Na biyu ya ce in zaɓi fasalin ƙafar tebur. Na uku ban ma shiga ba, na juya daga bakin layi. Tsoro ne kawai Malama, ba wani abu ba. Ke kuma na san in na faɗa miki, ke za ki ɗauki nauyin faɗa masa, ni in ɓuya a bayanki."

"To ai da ka bari wani ya shafa."

"Ogana ya ce zai tura wani. Na ƙi. Da wani ne ya shafa, da ranar Asabar ta sama zan shigo gidanku ina murmushi kamar ban san komai ba, alhali ni na yi awon. Na ce tunda bakina ya kasa, aƙalla hannuna kada ya yi ƙarya."

Na so in ci gaba da fushi, amma kuka ya ci ƙarfina. Na zauna a kan dakalin makaranta, shi kuma ya tsaya nesa kaɗan yana murza makullin babur.

"Baba ya ce ya rufe ƙofa."

"Na ji. Mai shayi ya faɗa min, har da sabon sunana." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. Sai ya buɗe jakarsa ya zaro wata babbar takarda ya warware ta a kan kujerar babur. "Akwai abin da yake damuna bayan wannan. Dubi nan. Taswirar da muka yi aiki da ita shekararta goma sha biyar kacal, lokacin an riga an cika wurin da gidaje. Mun ja layi a miƙe daga tudu zuwa kwari. Amma na tsaya cikin ruwan sama sau biyu ina kallo, ruwan ba ya bin layinmu. Yana karkata, kamar yana neman wata hanya da ya sani. Ina zargin akwai tsohon rafi a ƙarƙashin unguwar nan. In na san inda ya bi, ƙila gidajen nan goma sha biyu su tsira."

"Da shagon Baba?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki alƙawarin abin da ban auna ba. Amma mutum ɗaya ne ya ga wurin nan kafin a gina shi."

"Ko sallamarka ba zai amsa ba."

"Shi ya sa na zo wurinki."

*

Na kai wa Umma maganar a kicin. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗauko min faranti."

Muna cin abincin rana, Baba a kan tabarmarsa, Gwaggo a gefe don ta ce ba za ta koma ba sai ta ga ƙarshen lamarin, sai Umma ta ce kamar da bango take magana:

"Ashe wai ba a taɓa yin rafi a unguwar nan ba."

Hannun Baba ya tsaya a iska. "In ji wa?"

"In ji taswirar hukuma. Wai tun fil azal busasshiyar ƙasa ce. Ni ma na fara tunanin ko mafarki na yi da nake wanki a bakinsa. Ka san tsufa."

"Busasshiyar ƙasa?" Baba ya ture faranti. "Rafin da na kama kifi a cikinsa da hannuna? Rafin da ya tafi da takalmina sabo fil ranar da aka haifi babban yayan Auta?"

"To su dai masu ilimi sun rubuta babu."

Baba ya miƙe, ya zagaya tsakar gida sau biyu, ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ki aika wa Jan Fenti. Gobe ƙarfe bakwai ya same ni a saman tudu, ya zo da takardar ƙaryar tasa. Ba sulhu na kira shi ba, ki gaya masa. Karatu zan koya masa."

Umma ta ci gaba da cin abincinta, ko murmushi ba ta yi ba.

*

Ƙarfe bakwai saura muna saman tudu. Baba da sandarsa, Mai Safiyo da taswira da wani dogon ƙarfe mai tsini, ni a baya, Gwaggo na riƙe da hannuna wai don kada in matsa kusa. Ba mu jima ba sai ga hon mai kiɗa. Gwaggo ce ta sanar da Mai Bulo. Ya fito cikin fararen kaya da takalmi mai sheƙi, ya gaida Baba hannu biyu.

Mai Safiyo ma ya rusuna ya gaishe shi. Baba ya amsa wa iska.

"Ka ga dutsen can da katangar gidan nan ta hau kansa?" Ya nuna da sanda. "Daga ƙarƙashinsa ruwa yake fitowa, rani da damina. Rubuta."

Mai Safiyo ya rubuta. Ya soka ƙarfensa a gindin katangar, ya zaro, bakinsa ya fito da farin yashi mai laima. Baba ya kalli yashin, ya kalli Gwaggo, ya gyara hula.

Muka fara gangarowa. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Tafiya yake kamar saurayi, sanda na nuna dama da hagu. Inda ake wankin motoci yanzu, nan mata suke wanki a kan faffaɗan dutse. Inda kantin magani yake, gonar rake ce ta wani tsoho mai kare uku. Shagon aski kuma, nan aka gitta gungumen itace ake tsallakawa.

"A nan Gwaggonki ta faɗa ruwa da kayan ziyararta a ka," ya ce da ni. "Sai da muka kamo ɗankwalinta a can ƙasa."

"Yaya ban faɗa ba, zamewa na yi," in ji Gwaggo tana haki.

Mutane suka fara fitowa suna bin mu. Mai aski ya bar kan da yake yi rabi, mai kan ma ya biyo mu da ƙyalle a wuya. Duk inda Baba ya nuna, Mai Safiyo zai soka ƙarfe, farin yashi ya fito. Ya riƙa nuna min bangayen da suka tsage daga ƙasa, da wuraren da ciyawa ta ƙi bushewa. Mai Bulo na biye yana ɗaga ƙafar wando, takalminsa ya daina sheƙi.

Sai muka iso bakin layinmu. Nan Baba ya tsaya cak.

Hanya biyu ce a wurin. Ta hagu tana bi ta bayan gidan tsohuwar ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa har da ni, yanzu tana zaune ita kaɗai a ɗaki biyu. Ta dama kuma kai tsaye take zuwa shagon Baba.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Surutun mutane ya lafa.

Mai Bulo ya matso kusa da kunnensa, amma muryarsa ba ta iya raɗa ba, duk mun ji. "Baba, ka ce hagu kawai. Wa zai ƙaryata ka? Kai ne Na Farko. Sauran kuma ka bar min, ina da mutane a ofishin."

Baba bai dube shi ba. Ya juya, karo na farko tun ranar fenti, ya kalli Mai Safiyo ido cikin ido.

"Kai. In na ce maka hagu ya bi, za ka rubuta hagu?"

Na riƙa roƙon Allah a zuciya, ban ma san me nake roƙo ba.

"Zan rubuta cewa ka ce hagu, Baba," ya amsa. "Sannan in soka ƙarfen nan a hagu, in soka a dama, in rubuta abin da na gani."

"Ko da hakan zai raba ka da Auta har abada?"

Ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa, nawa kuwa tuni suka zubo.

"Ko da hakan, Baba. In na karkatar da shi, daminar farko ruwa zai shiga ɗakin tsohuwar nan, kuma Malama za ta san ni na jawo. Na riga na yi maka laifi ɗaya na rufe baki. Ba zan ƙara da na biyu ba."

Gwaggo ta saki hannuna ba ta sani ba.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Ajiye ƙarfenka, ba sai ka soka ba. Dama ya bi."

Ya taka har gaban shagonsa ya buga sanda a ƙasa.

"Ta nan ya wuce, ta ƙarƙashin bencin da kuke zama kuna kawo min ƙara. Ni na fara toshe shi. Ina son shagona ya kalli hanya, sai na yi ta zuba ƙasa da amalanke har wata biyu. Rafin ya kauce, na ce ai ya samu wata hanyar. Wanda ya zo bayana ya ga na yi, shi ma ya yi. Haka muka yi ta yi har muka binne shi gaba ɗaya." Ya juya wajen mutanen kwari da suka taru. "Duk katifar da kuka ɗora a tebur, da hannuna a ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, daga ni sai uwar yaran nan muka sani."

Wani tsohon tela ya ce, "Haba Na Farko, ai duk mun zuba." Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai.

"Mu je," in ji Baba. "Ba a gama ba."

Daga shagonmu rafin bai miƙe ta cikin gidajen nan goma sha biyu ba. Baba ya karkata da mu ta bayan injin niƙa, muka bi wani fili da ba kowa sai bola da awaki, ƙarfe na ta fito da farin yashi. Mai Safiyo na ta rubutu. Muka yi ta tafiya har Baba ya tsaya a gaban wata babbar ƙofar ƙarfe, ya nuna ciki da sanda.

"Ta tsakiyar nan ya ratsa, ya faɗa babban kwalbatin layin dogo."

Filin bulo ne.

Mai Bulo ya kalli ƙofarsa, ya kalli ƙarfen da ke hannun Mai Safiyo, ya kalli agogo. Ya ce ya tuna motar yashi na jiransa a wani wuri. Ya manta ma a saman tudu ya bar motarsa, sai da ya yi nisa ya juyo ya fara hawan gangaren a ƙafa.

"Ni dama turaren nan nasa yana sa min ciwon kai," in ji Gwaggo.

Matan kwari suka kewaye Mai Safiyo suna tambaya ko gidajensu sun tsira. Ya ce sai ogansa ya zo ya gani da idonsa, amma yana da kyakkyawan zato. Suka koma kan Baba da godiya. Ni kuwa ina jiran kalma ɗaya daga bakinsa.

Abin da ya ce kawai shi ne, "Je ka ka rubuta." Ya juya ya nufi gida.

*

Lahadi shiru. Litinin shiru. Ranar Talata ogan ya zo da mutum biyu, suka bi sawun Baba tun daga dutse har kwalbati, ya ce a sake zane. Laraba aka goge alamar gidajen kwari, ta shagonmu na nan. Baba bai ce min komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na daina cin abinci sosai, Umma na kallona tana cewa in ci, ba a san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Ranar Alhamis da safe ƙarar guduma ta tashe ni. Na fito da sauri.

Baba ne a kan benci yana cire tagar shago da kansa. An riga an kwashe kayan aiki an jera su a tsakar gida, an kafa ginshiƙan rumfa a gefen bishiya. Masu walda biyu da tsohon tela da mai aski suna ta ɗauke kwanon rufi. Ƙofar shagon, wadda ya sassaƙa tun kafin a haife ni, an jingina ta a bango an lulluɓe da tsohon zani.

"Ba zan bari motar rusau ta taɓa min ƙofa ba," ya ce da ya gan ni. "Riƙe nan."

Na riƙe tagar, ya sauko a hankali yana dafa kafaɗata. Ya karkaɗe garin ƙasa daga rigarsa, ya tsaya yana kallon ramin da tagar ta bari, ana hango titi ta ciki.

"Yaron nan matsoraci ne," ya ce.

Na sunkuyar da kai.

"Amma tsoronsa na kwana uku ne. Nawa shekara arba'in ya yi." Ya karɓi tagar daga hannuna ya jingina ta kusa da ƙofar. "Jibi ne Asabar ko?"

"Jibi ne Baba."

"To ki aika masa su zo. Amma ki gaya masa ya biyo da manyan nasa ta ƙofar baya. Ta gaban dai ya riga ya gama da ita."

Na tsaya baki buɗe, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace min. Daga kicin na jiyo Umma, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, tana ƙyalƙyala dariya har da buga murfin tukunya.